Ƙididdiga da Zaɓen Hanyar Amsa Tambaya a Rumbun Bayanai: Misalin Matsakaitan Kwamfutocin IBM

Taƙaitawa

Wannan maƙala tana bayani ne a kan yadda rumbun bayanai yake zaɓen hanyar da zai bi ya amsa tambayar da aka rubuta da harshen SQL, da kuma matsayin ƙididdiga a cikin wannan zaɓe. An ɗauki misali daga matsakaitan kwamfutocin kasuwanci na kamfanin IBM, wato AS/400 da magadanta. Abin da maƙalar take son tabbatarwa shi ne, mafi yawan jinkirin da ake gani yana samo tushe daga kuskuren ƙiyasin yawan layuka, saboda haka daga nan ya kamata gyara ya fara.

1. Gabatarwa

Masu kula da kwamfutocin kamfanoni sun saba da wata matsala: tambayar da take ɗaukar daƙiƙa 2 a yau, bayan ƴan watanni sai ta koma ɗaukar minti 20, alhali ba wanda ya taɓa rubutunta. Sau da yawa shawarar da ake fara kawowa ita ce a sayi injin da ya fi ƙarfi. Wannan shawara tana da tsada, kuma ba kullum take kawo sauƙi ba, domin injin da ya ninka na da sauri sau 2 ba zai rama hanyar da ta ninka aikin sau 100 ba.

Kafin mu shiga bayani, ya kyautu mu daidaita kalmomi. Rumbun bayanai shi ne abin da ake kira base de données da Faransanci. Bayanan suna zaune cikin jadawalai, kowane jadawali yana da layuka da ginshiƙai. Tambaya ita ce requête. Fihirisa wani tsari ne da ake ginawa a gefen jadawali domin a kai ga layi ba tare da an karanta jadawalin kaf ba, kamar dai fihirisar da ke ƙarshen littafi. Sashen da ke yanke shawarar hanyar da za a bi, wato optimiseur, za mu kira shi mai zaɓen hanya. Kason layukan da wani sharaɗi yake bari su wuce, wato sélectivité, za mu kira shi kason tacewa.

2. Asalin matsalar

A shekarar 1970 ne Edgar F. Codd, wani mai bincike a kamfanin IBM, ya fito da tsarin rumbun bayanai mai dangantaka. Babban abin da tsarin ya kawo shi ne raba abu biyu: mai tambaya ya faɗi abin da yake so, inji kuma ya nemi yadda zai samo shi. Wannan ya sauke wa mai rubuta manhaja nauyi, amma ya ɗora shi a kan inji, domin tambaya guda tana iya amsuwa ta hanyoyi masu ɗimbin yawa. Idan za a haɗa jadawalai 5, jerin da za a iya bi wajen haɗa su ya kai 120. Idan 10 ne, ya kai 3,628,800, tun ma ba a lissafa zaɓen fihirisa da salon haɗi ba. Dukkansu amsa ɗaya suke bayarwa, amma lokacin da suke ci ya sha bamban ƙwarai.

A shekarar 1979 Patricia Selinger da abokan aikinta, masu aiki a kan System R a cibiyar binciken IBM ta San Jose a jahar Kalifoniya, suka wallafa hanyar da har yanzu ita ce ginshiƙin wannan fanni. Ga yadda take: a ƙiyasta tsadar kowace hanya, ta la'akari da yawan shafukan da za a ɗauko daga faifai da yawan aikin da ƙwaƙwalwar inji za ta yi, sannan a zaɓi mafi araha. Sai dai ba a iya ƙiyasta tsada sai an san yawan layukan da kowane mataki zai fitar, kuma ba a iya sanin wannan tabbas sai an yi aikin. A nan ne ƙididdiga take shigowa: taƙaitaccen hoto ne na abin da ke cikin jadawali, wanda mai zaɓen hanya yake dubawa a maimakon jadawalin kansa. Inda babu ƙididdiga, Selinger ta ba da kasonni na zato: kashi 1 cikin 10 ga sharaɗin daidaito, 1 cikin 3 ga sharaɗin “ya fi” ko “bai kai ba”, 1 cikin 4 ga sharaɗin “tsakanin kaza da kaza”.

3. Yadda ƙiyasi yake sauya hanya

Mu ƙaddara wani kamfanin sari yana da jadawalin takardun ciniki mai layuka 2,000,000, kowane shafin faifai yana ɗauke da layuka 40, wato shafuka 50,000 ke nan. Akwai ginshiƙi mai suna hali, wanda ƙimominsa uku ne: an biya, layuka 1,960,000, ba a biya ba, layuka 36,000, ana jayayya, layuka 4,000. Akanta yana son ganin takardun da ake jayayya a kansu.

Hanyoyi biyu ne a gaban inji. Ta farko, ya karanta shafuka 50,000 bi da bi yana tacewa. Ta biyu, ya bi ta fihirisa ya ɗauko layukan da ake nema ɗaya bayan ɗaya, kowane daga shafinsa. Idan layukan 4,000 ne, hanya ta biyu ba za ta wuce ɗauko shafuka 4,000 ba, ita ce mai araha. Amma idan mai zaɓen hanya bai san komai ba sai kason zato na kashi 10 cikin 100, zai ɗauka layuka 200,000 ne. Idan kuwa abin da ya sani kawai shi ne ƙimomin uku ne, zai raba daidai ya ce 666,667. A duka biyun zai ga karatun jadawali kaf ya fi sauƙi, ya yi aikin da ya ninka abin da ake buƙata fiye da sau 10.

Kuskure ta ɗaya ɓangaren ya fi wannan muni. Idan ya ƙiyasta layuka kaɗan alhali suna da yawa, zai bi ta fihirisa ya riƙa tsalle daga shafi zuwa shafi sau dubban ɗaruruwa, yana komawa kan shafi guda sau da yawa. A faifai mai juyawa kowane tsalle yana cin ƴan kashi cikin dubu na daƙiƙa ɗaya. Faifan lantarki na zamani sun rage wannan tazara, amma ba su kawar da ita ba.

4. Inda IBM i yake samo ƙididdiga

IBM ya fito da AS/400 a watan Yuni na shekarar 1988 daga masana'antarsa ta Rochester a jahar Minnesota ta Amurka, a matsayin magajin System/36 da System/38. An yi shi ne domin matsakaitan kamfanoni, bankuna, ƴan sari da masana'antu, waɗanda galibi ba su da ma'aikaci na musamman mai kula da rumbun bayanai. Saboda haka aka gina rumbun a cikin tsarin sarrafa injin, aka raɗa masa suna DB2/400 a shekarar 1994. Sunan injin ya koma iSeries a shekarar 2000, sannan tun daga 2008 tsarin sarrafawar yake amsa sunan IBM i, yana aiki a kan injinan Power.

A tsohuwar al'adar wannan inji, mai rubuta manhaja da harshen RPG ko COBOL shi ne yake zaɓen fayil ɗin da zai bi, ya karanta layi bayan layi. Da SQL ya samu karɓuwa, zaɓen ya koma hannun inji. Tsohon injin tambaya, wanda daga baya aka kira CQE, ya dogara ne a kan fihirisa da kasonnin zato. A shekarar 2002, cikin fitowar V5R2, aka shigo da sabon injin tambaya mai suna SQE, tare da sashe na musamman mai kula da ƙididdiga. Tun daga fitowar 7.2 ta shekarar 2014, SQE yana ɗaukar har tambayoyin tsofaffin kayan aiki irin su OPNQRYF da Query/400.

Mai kula da ƙididdiga yana da maɓuɓɓuga uku. Ta farko ita ce fihirisa. Fihirisar da aka saba da ita a wannan inji tana da siffar bishiya, kuma ana iya leƙa rassanta a ƙiyasta yawan layukan da ke tsakanin ƙima biyu ba tare da an taɓa jadawalin ba. Akwai kuma nau'i na biyu mai suna EVI, wanda ya fito a shekarar 1998, mai ɗauke da jerin dukan ƙimomi mabambanta tare da adadin kowace. Abin lura a nan shi ne, inji yana sabunta fihirisa a duk lokacin da aka ƙara layi ko aka canza shi, saboda haka bayaninta ba ya tsufa. Ke nan fihirisa tana da amfani biyu: hanya ce ta kai wa ga layuka, kuma majiya ce ta labari. Tana iya gyara zaɓen hanya ko da ba a bi ta cikinta ba. A misalinmu na sashe na 3, fihirisa a kan ginshiƙin hali za ta sanar da mai zaɓen hanya cewa layukan wajen 4,000 ne.

Maɓuɓɓuga ta biyu ita ce ƙididdigar ginshiƙi. Tana ƙunshe da yawan ƙimomi mabambanta, da jerin ƙimomin da suka fi maimaituwa, da kuma rabon ƙimomin cikin kwanduna, wato a jera su daga ƙarami zuwa babba a yanka su kashi-kashi, a riƙe iyakar kowane kashi. A DB2 na sauran injina mai kula da rumbu yana da umurnin RUNSTATS, a Oracle akwai DBMS_STATS, a PostgreSQL akwai ANALYZE. A IBM i kuwa, idan SQE ya nemi ƙididdigar da babu, sai ya ajiye buƙata, wani aiki na bayan fage mai suna QDBFSTCCOL ya tattaro ta a lokacin da inji yake da sarari. Ƙimar tsari mai wannan suna ita ke ba da izini ko ta hana. Ana ɗaukar ƙididdiga ta tsufa idan kimanin kashi 15 cikin 100 na layukan jadawalin sun canza.

Maɓuɓɓuga ta uku ita ce kasonnin zato, waɗanda kusan su ne dai na shekarar 1979: kashi 10 ga daidaito, 33 ga “ya fi” ko “bai kai ba”, 25 ga “tsakani”. Duk inda aka ga ƙiyasin ya faɗa daidai a kan ɗaya daga cikin waɗannan kasonni, alama ce mai ƙarfi cewa mai zaɓen hanya lalube yake yi cikin duhu.

5. Wurare uku da ƙiyasi yake kaucewa

5.1 Ginshiƙai masu alaƙa da juna

Idan sharuɗɗa biyu suka haɗu, abin da aka saba shi ne a ninka kason tacewarsu, bisa zaton cewa ba ruwan ɗaya da ɗaya. Mu ƙaddara kamfanin nan yana da abokan ciniki 50,000, kashi 15 cikin 100 suna jahar Tawa, kashi 3 cikin 100 kuma suna garin Birnin Konni. Tambaya ta sa sharuɗɗan biyu. Ninkawa za ta ba da layuka 225. Amma duk wanda ke Birnin Konni yana jahar Tawa, saboda haka amsar gaskiya 1,500 ce.

Kuskuren ba ya tsayawa nan. Idan aka haɗa da jadawalin takardun ciniki, inji zai ɗauki matsakaicin takardu 40 ga kowane abokin ciniki, ya ce 9,000. Idan ya kasance ƴan kasuwar wannan gari sun fi sauran yawan saye, a ce takardu 120 kowane, adadin gaskiya 180,000 ne, wato ninki 20. Bisa zaton 9,000, mai zaɓen hanya zai ga ya dace ya ɗauki kowace takarda ya nemo kayanta ta fihirisa. Da ya san 180,000 ne, wataƙila da ya gina jadawalin wucin gadi cikin ƙwaƙwalwa ya haɗa su a zagaye ɗaya. Yannis Ioannidis da Stavros Christodoulakis sun nuna a shekarar 1991 cewa irin wannan kuskure yana iya ninkuwa da kowane haɗi da aka ƙara. Maganinsa a IBM i shi ne fihirisa mai maɓalli biyu, jaha da gari, wadda za ta ba da adadin haɗin kai tsaye. PostgreSQL ya samar da umurnin CREATE STATISTICS domin wannan buƙata a fitowarsa ta 10, a shekarar 2017.

5.2 Sababbin ƙimomi

Ginshiƙan kwanan wata da lambobin takardu kullum gaba suke yi. A jadawali mai layuka 2,000,000, kashi 15 cikin 100 layuka 300,000 ne. Idan takardu 2,000 ake ƙarawa a rana, sai an yi kwana 150 kafin a kai wannan iyaka. A tsawon wannan lokaci, takardun makon nan suna wajen kwandon ƙarshe na ƙididdiga, ga shi kuwa su ne aka fi tambaya. Haka nan bayan an loda bayanai masu yawa a ƙarshen wata, tambayoyin farko suna iya rigan aikin bayan fage. A irin wannan hali, fihirisa a kan ginshiƙin kwanan wata, ko neman sabunta ƙididdiga da hannu bayan lodi, shi ne mafita.

5.3 Sharaɗin da aka lulluɓe

Idan aka rubuta YEAR(kwana) = 2023, an sa ginshiƙin cikin wani lissafi, alhali fihirisa da ƙididdiga a kan ainihin kwanan suke. Wasu injinan suna iya warware lissafi mai sauƙi da kansu, amma ba a dogara da haka. Abin da ya fi shi ne a rubuta sharaɗin a matsayin tazara daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Disamba. Inda ba makawa sai an yi lissafin, kamar mayar da sunaye zuwa manyan haruffa, IBM i yana karɓar fihirisa a kan sakamakon lissafi tun daga fitowar 6.1 ta shekarar 2008.

6. Abubuwa biyu da ba ƙididdiga ba

Ko ƙiyasi ya yi daidai, akwai abu biyu da suke sauya zaɓe. Na farko shi ne manufar tambaya. Ma'aikacin da ke gaban allo yana son layuka 20 na farko nan take, rahoton dare kuwa yana son a gama duka da wuri. IBM i ya bambanta su da *FIRSTIO da *ALLIO, kuma mai rubutu yana iya bayyana nufinsa da jimlar OPTIMIZE FOR n ROWS. Rahoton da aka tsara wa hanya bisa manufar farko yana iya fara fitowa da sauri, sannan ya ɗauki awoyi kafin ya ƙare.

Na biyu shi ne rabon ƙwaƙwalwa. Ayyuka a wannan inji suna gudana cikin tafkunan ƙwaƙwalwa, kuma mai zaɓen hanya yana lissafa kason da ya dace da tambaya guda bisa girman tafkin da yawan ayyukan da ke cikinsa. Idan kason ya yi kaɗan, zai guje wa hanyoyin da ke buƙatar babban jadawalin wucin gadi. Wannan yana cikin dalilan da suke sa tambaya guda ta bi wata hanya a injin gwaji, ta bi wata daban a injin aiki.

7. Matakan gyara

Mataki na farko shi ne a gano tambayoyin da suka fi cin lokaci. SQE yana ajiye hanyoyin da ya zaɓa a wata ma'ajiya tare da tarihin gudanarsu, akwai kuma umurnin STRDBMON mai rubuta abin da ya faru dalla-dalla. A nan jimillar lokaci ake dubawa: tambayar rabin daƙiƙa da ake yi sau 100,000 a rana ta fi rahoton minti 30 nauyi a kan inji.

Mataki na biyu, a buɗe hanyar da aka zaɓa da kayan aikin Visual Explain, a kwatanta layukan da aka ƙiyasta da waɗanda aka samu a kowane mataki. A fara daga ƙasa, a nemi wuri na farko da tazarar ta yi girma, domin duk abin da ke samansa gadon kuskuren ya yi.

Mataki na uku, a gano dalilin tazarar cikin waɗanda muka ambata a sashe na 5, a yi gyaran da ya dace da shi: sake rubuta sharaɗi, sabunta ƙididdiga, ko gina fihirisa. Tun daga fitowar V5R4 ta shekarar 2006, inji yana tara shawarwarin fihirisa a jadawalin SYSIXADV. Ba a bin su ido rufe, domin kowace fihirisa tana cin wuri a faifai, kuma tana ƙara aiki ga duk layin da aka shigar ko aka canza. Sau da yawa shawarwari da dama suna haɗuwa cikin fihirisa guda mai maɓallai da aka jera da kyau.

Mataki na huɗu, a canza abu ɗaya a lokaci guda, a sake aunawa a kan bayanai masu girma da rabo irin na gaskiya. Gwaji a kan layuka 1,000 ba ya nuna abin da zai faru a kan 2,000,000. Sai bayan an bi waɗannan matakai ne za a iya cewa inji ya yi ƙanƙanta.

8. Kammalawa

Masu ƙira sun yi ƙoƙarin sa inji ya koya daga kuskurensa. A shekarar 2001 masu binciken IBM sun gabatar da LEO, wanda yake kwatanta ƙiyasi da sakamako ya gyara na gaba. Fitowar IBM i 7.1 ta shekarar 2010 ta zo da dabarar sauya hanya a tsakiyar aiki idan aka ga ƙiyasin ya kauce. Duk da haka, binciken da Viktor Leis da abokan aikinsa suka wallafa a shekarar 2015, inda suka gwada tambayoyi 113 a kan bayanan finafinai na IMDb, ya nuna cewa manyan rumbuna duka suna yin kuskuren ƙiyasi mai girma idan haɗi ya yi yawa, kuma wannan kuskure ya fi raunin lissafin tsada yin illa. Ke nan matsalar da aka gano tun 1979 tana nan a buɗe.

Ɗalibin da ba shi da injin IBM a hannu yana iya gwada mafi yawan abin da aka faɗa a nan da PostgreSQL, wanda kyauta ne, domin umurnin EXPLAIN ANALYZE yana nuna ƙiyasi da adadin gaskiya gefe da gefe. Ya gina jadawalan sashe na 5.1, ya auna tazarar kafin CREATE STATISTICS da bayansa, sannan ya ƙara jadawalai ɗaya bayan ɗaya ya rubuta yadda tazarar take ƙaruwa. Wannan aiki ya isa ya zama darasin gwaji na zango guda, kuma yana iya zama mafarin kundin digiri na biyu.